Suna a fuska, mabuɗi a ciki: tushen kuskuren nau'i tsakanin Dictionary da ListBox

Mai koyon rubuta manhaja da C# yakan ci karo da wannan matsala tun a makonninsa na farko, wanda ya daɗe a harkar kuma yakan sake gamuwa da ita duk ranar da ya yi gaggawa. Mutum yana da bayanai masu tafiya bibbiyu, kamar lambar darasi da sunansa: 10 Lissafi, 20 Kimiyya, 30 Tarihi. Ya zuba su a `Dictionary<int, string>`, lamba ita ce mabuɗi, suna shi ne ƙima. Ya jawo `ListBox`, wato akwatin jeri da ake zaɓar layi a cikinsa, ya ɗora a kan fom ɗin Windows Forms, wato tagar manhajar. Abin da yake nema bai taka kara ya karya ba: sunaye su fito a jere, mai amfani ya danna ɗaya, manhaja ta san lambar da ke bayansa. Sai ya rubuta layin da kowa zai fara rubutawa, inda `jeri` shi ne akwatin, `darussa` kuma tarin bayanan:

```
jeri.DataSource = darussa;
```

Kwamfaila, wato manhajar da ke duba kod ta juya shi zuwa abin da na'ura za ta gudanar, ba za ta ce uffan ba, domin `DataSource` nau'insa `object` ne, duk abin da aka miƙa masa zai karɓa. Sai an kunna manhajar sannan ta tsaya cak da `ArgumentException`, tana cewa tushen bayanan da take karɓa shi ne `IList` ko `IListSource`.

Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma yana da kyau a tsaya a fahimce shi kafin a nemi hanyar rufe masa baki. Akwatin jeri da matsayi yake aiki. Yana tambaya: me ke wuri na farko, me ke wuri na biyu, nawa ne duka? Idan an danna layi na uku, abin da ya sani shi ne an zaɓi matsayi mai lamba 2, tunda ƙirgarsa daga sifili take farawa. Shi kuwa `Dictionary` bai san matsayi ba sam. Da mabuɗi yake neman abu: yana lissafa wata lamba daga mabuɗin, lambar ta nuna masa gurbin da ya ajiye ƙimar. Shi ya sa `darussa[2]` ba ya nufin darasi na uku, yana nufin darasin da mabuɗinsa 2 ne, kuma tunda babu shi, `KeyNotFoundException` za a samu. Abubuwa biyu ne da kowanne ke da nasa tsarin nemo abu, an haɗa su ba tare da tafinta ba.

A ganina kusan duk kurakuran nau'i da ke biyo baya daga rikita abubuwa uku suke fitowa: abin da akwatin ya riƙe, abin da yake nunawa a fuska, da abin da yake mayarwa idan an yi zaɓi. Ido yana ganin rubutu a allo, sai zuciya ta ɗauka rubutu ne a ciki. Alhali `ListBox` yana riƙe da `object` ne, kowane iri, rubutun da ake gani kuwa daga baya yake samar da shi, ta hanyar kiran `ToString()` ko karanta sifar da aka nuna masa.

Mu koma ga wanda ya fasa amfani da `DataSource`, ya ce bari ya zuba su ɗaya bayan ɗaya:

```
foreach (string suna in darussa)
    jeri.Items.Add(suna);
```

A nan kwamfaila za ta tare shi tun kafin a kunna komai, da kuskure mai lamba CS0030: ba za a iya mayar da `KeyValuePair<int, string>` ya zama `string` ba. Dalili shi ne idan aka zagaya `Dictionary`, ba suna kaɗai yake miƙowa ba, ba kuma lamba kaɗai ba. Yana miƙo su a ƙulle wuri guda, ƙunshi ɗaya mai ɓangare biyu, `Key` da `Value`. Wanda ya zo daga Python ya fi saurin faɗawa wannan rami, domin a can zagaya ƙamus mabuɗai kaɗai yake bayarwa, sai an kira `items()` ake samun biyun tare.

Wannan tarewa ta kwamfaila alheri ce babba, kuma ba tun asali ake da ita ba. Lokacin da .NET Framework ya fito a 2002, abin da ake da shi shi ne `Hashtable`, wanda ke ajiye mabuɗi da ƙima duka a matsayin `object`. Sai a 2005, da zuwan C# 2.0, aka samu damar bayyana nau'i a cikin tarin bayanai, aka samu `Dictionary<TKey, TValue>`. Har yau tsofaffin manhajoji cike suke da `Hashtable`, kuma idan aka rubuta wancan zagayen a kansa kwamfaila za ta bar shi ya wuce salin alin, tunda ba ta san abin da ke ciki ba. Sai a hannun mai amfani abin zai fashe da `InvalidCastException`, ana cewa an kasa mayar da `System.Collections.DictionaryEntry` ya zama `System.String`. Kuskure ɗaya ne, bambancin kawai lokacin da aka gano shi da kuma wanda ya fara ganinsa. Saboda haka duk wanda ya gaji tsohon kod, kuma yana da ikon sauya `Hashtable` zuwa `Dictionary`, ina ganin ya yi hakan tun kafin ya taɓa akwatin jerin. Wanda ke rubutu da Visual Basic kuma ya kunna `Option Strict On`, domin idan a kashe yake, harshen yana barin juye-juyen nau'i da yawa su wuce ba tare da gargaɗi ba.

Akwai ɗan'uwan wannan kuskure a wajen `AddRange`, mai zuba abubuwa da yawa a akwatin lokaci guda, wanda ke karɓar `object[]`. Idan ƙimomin rubutu ne, `darussa.Values.ToArray()` zai shiga lafiya, domin C# ta yarda `string[]` ya tsaya a madadin `object[]`. Idan kuma mabuɗan aka so zubawa, `int[]` ba zai shiga ba, tunda wannan sassauci bai shafi lambobi ba, sai an bi ta `Cast<object>()` tukuna. Ƙaramin abu ne, amma yakan ɗaure kai, ganin layi biyu masu kama da juna, ɗaya ya wuce ɗaya ya maƙale.

To, ina gyaran? A mayar da tarin ya zama jeri mai matsayi, sannan a gaya wa akwatin ɓangaren da zai nuna da wanda zai mayar:

```
jeri.DisplayMember = "Value";
jeri.ValueMember = "Key";
jeri.DataSource = darussa.ToList();
```

`ToList()`, wanda ya zo a 2007 tare da LINQ, wato kayan aikin .NET na tacewa da juya tarin bayanai, yana samar da `List<KeyValuePair<int, string>>`, kuma wannan `IList` ne cikakke. Mutane da yawa suna amfani da `new BindingSource(darussa, null)` a madadinsa, shi ma yana aiki. Ni dai na fi karkata ga `ToList()` saboda a fili yake: duk mai karanta layin ya san an kwafi bayanan ne zuwa sabon jeri.

A lura da yadda layukan uku suka jeru, domin a nan gizo ke saƙa. Da yawa sukan fara da `DataSource`, sannan su biyo da sauran biyun, kuma a ido babu wani bambanci, sunaye suna fitowa daidai. Amma da zarar an sanya `DataSource`, akwatin yana zaɓar abu na farko da kansa, nan take kuma ya tayar da `SelectedIndexChanged`, wato sanarwar cewa zaɓi ya sauya. Idan akwai kod da ke sauraron wannan sauyi, kamar haka:

```
int lamba = (int)jeri.SelectedValue;
```

to a wannan daƙiƙar `ValueMember` bai samu ba tukuna. Akwatin bai san ɓangaren da zai mayar ba, sai ya mayar da ƙunshin gaba ɗaya. Ana jiran lamba, aka samu `KeyValuePair`, sai `InvalidCastException`. Abin da ya sa wannan yake wahalar da mutane shi ne layin da ya fashe ba shi da laifi ko kaɗan. Mutum zai yi ta dubansa, ya sauya shi, ya mayar, alhali laifin yana can wani wuri, a jeruwar layuka uku da suke kama da ba ruwansu da juna. Na taɓa ɓata yammaci guda a kan wannan. Abin da ya warware mini shi ne na tsayar da manhajar a daidai layin, na rubuta `jeri.SelectedValue.GetType()` a tagar dubawa, sai ga `KeyValuePair` a rubuce inda nake da yaƙinin `Int32` zan gani. Na ɗaga layin `DataSource` na mayar da shi ƙarshe, shi ke nan. Tun daga ranar, duk lokacin da juya nau'i ya ƙi, tambayata ta farko ita ce: mene ne ainihin abin da ke cikin nan a wannan lokaci? `GetType()` yana amsa ta cikin daƙiƙa guda, kuma ya fi zato nesa ba kusa ba.

Akwai wani tarko makamancinsa wajen sabunta jeri. An saba rubuta `jeri.DataSource = null` a share tsohon, sannan a sa sabo. Sanya `null` ɗin yana goge `DisplayMember`, don haka sabon jerin zai fito da layuka irin `[10, Lissafi]` da `[20, Kimiyya]`. Wannan siffa mai baka biyu da waƙafi ita ce abin da `ToString()` na `KeyValuePair` yake bayarwa. Duk inda aka gan ta a allo, alama ce cewa akwatin bai san sifar da zai nuna ba: ko an goge ta, ko an yi kuskuren rubuta sunanta. Kuskure a sunan `DisplayMember` shiru yake wucewa, akwatin ya koma ga `ToString()` abinsa. A tsohon .NET Framework, da `Hashtable`, abin ya fi haka muni, kowane layi `System.Collections.DictionaryEntry` zai nuna, daga sama har ƙasa.

Yanzu ga inda nake son in daɗe, domin nan ne ake kashe maciji ba a sare kansa ba. Mutum ya ga `(string)jeri.SelectedItem` ya fashe, sai ya sauya shi zuwa `jeri.SelectedItem.ToString()`. Kuskure ya ɓace, manhaja ta gudana. Yana samun `[10, Lissafi]`, sai ya ƙara kod da zai cire bakan nan biyu, ya tsaga rubutun a wajen waƙafi, ya ɗauki ɓangaren farko ya mayar da shi lamba. Yana aiki a yau. Ranar da mabuɗin ya zama rubutu mai ɗauke da waƙafi, tsagar za ta faɗa inda ba a yi niyya ba. Wani kuma yakan zuba sunaye kaɗai a akwatin, idan an zaɓi suna sai ya koma `Dictionary` yana laluben mabuɗin da ke da wannan suna. Amma mabuɗi ne aka hana ya maimaitu, ba ƙima ba. Darussa biyu za su iya cin suna ɗaya da lambobi daban, laluben kuma na farko zai kamo kullum. Na uku yakan dogara da matsayi, ya ce `darussa.ElementAt(jeri.SelectedIndex)`. Takardun Microsoft sun faɗa ƙarara cewa ba a yi alkawarin tsarin da `Dictionary` zai miƙo abubuwansa ba, kuma ko da tsarin bai sauya ba, ƙara abu ko cire shi bayan an cika akwatin ya isa ya sa matsayi na uku a allo ya daina zama na uku a tarin.

Abin da ya haɗa dabarun nan uku shi ne sun mayar da kuskure mai ihu ya zama kuskure mai shiru. `InvalidCastException` yana tsayar da manhaja, ya nuna layi, ya faɗi nau'in da aka samu da wanda aka nema. Lambar da ba daidai ba kuwa wucewa take yi ta shiga rumbun bayanai, a rubuta wa ɗalibi darasin da bai zaɓa ba, kuma ba wanda zai sani sai bayan makonni. Wannan yana damuna ƙwarai, domin wanda abin zai faɗa wa ba shi ne ya rubuta kod ɗin ba, bai ma san akwai shi ba. Haka nan nannaɗe layin da `try` da `catch` wanda ba komai a cikinsa: an gudu ne ba a tsira ba.

Hanyar da ta dace ita ce a karɓi abin a nau'insa na gaskiya:

```
if (jeri.SelectedItem is KeyValuePair<int, string> zabi)
{
    int lamba = zabi.Key;
    string suna = zabi.Value;
}
```

Wannan salon rubutu ya zo da C# 7.0 a 2017, kuma yana maganin abu biyu lokaci guda. Yana duba nau'i, yana kuma kare mutum daga halin da ba a zaɓi komai ba, inda `SelectedIndex` yake -1, `SelectedItem` kuma `null`. Wannan na biyun yana da muhimmanci saboda `KeyValuePair` ɗin `struct` ne, ba `class` ba. Ba zai iya zama `null` ba, don haka tilasta `null` ya zama shi yana jawo `NullReferenceException`. Saboda wannan dalili ne kuma kwamfaila take ƙin `as KeyValuePair<int, string>`, tunda `as` yana buƙatar nau'in da zai iya komawa `null` idan juyin bai yiwu ba.

Ko bayan an jera komai daidai, akwai sauran ƙaya ɗaya. `SelectedValue` yana mayar da `object`, lamba kuma idan aka ƙunsa ta cikin `object`, ba ta fitowa sai da ainihin nau'in da ta shiga da shi. Idan mabuɗin `long` ne, kamar yadda yakan kasance idan ya fito daga rumbun bayanai, `(int)jeri.SelectedValue` zai fashe ko da lambar 10 ce kacal. A kod na yau da kullum ana juya `long` zuwa `int` ba gardama, shi ya sa wannan yake ba mutane mamaki. Magani shi ne a fitar da ita a matsayin `long`, ko a bi ta `Convert.ToInt32` idan an tabbata ba za ta wuce iyakar `int` ba. Ta ɗaya gefen ma haka ne: idan aka so manhaja ta zaɓi wani layi da kanta aka rubuta `jeri.SelectedValue = "20"`, rubutun "20" da lambar 20 ba abu ɗaya ba ne a wurin akwatin. Ba zai yi ƙorafi ba, ba kuma zai zaɓi Kimiyya ba.

Idan bayanan sun wuce suna da lamba, ko ana son layin ya nuna su biyun a haɗe, gara mutum ya bar `KeyValuePair` ya ƙirƙiri nasa ƙaramin `class`, ya ce `Darasi`, mai `Lamba` da `Suna` da wata sifa ta uku da ke haɗa su yadda ake son a gani. Kod ɗin yakan fi karantuwa: `zabi.Suna` ya fi `zabi.Value` faɗin abin da ake nufi. Sharaɗi guda ne, dole `Lamba` da `Suna` su kasance masu `get`, abin da C# ke kira property, domin `DisplayMember` da `ValueMember` ba sa ganin fili tsirara da aka bayyana ba tare da shi ba. Wannan ne ma ya sa sabon salon `(int, string)` ba ya aiki a nan, tunda `Item1` da `Item2` nasa filaye ne.

Sauran kayan aiki suna da nasu hali, amma tambayar ba ta sauyawa. A WPF, wata hanyar gina manhajojin Windows, `ItemsSource` yana karɓar duk abin da za a iya zagayawa, don haka `Dictionary` yana shiga kai tsaye, sai a sa `DisplayMemberPath` da `SelectedValuePath`. `SelectedItem` dai har yanzu `KeyValuePair` ne. `ListView` na Windows Forms ba shi da `DataSource` ko kaɗan, sai an gina `ListViewItem` ga kowane layi, a sa rubutu a ginshiƙai, a ɓoye mabuɗin a `Tag`, wanda shi ma `object` ne mai bukatar a fitar da shi da nau'insa. A ASP.NET Web Forms kuwa `SelectedValue` kullum rubutu ne, domin ta shafin intanet ya bi ya dawo, a nan `int.TryParse` shi ne daidai, tilasta nau'i kuma kuskure. A Java, `Map.Entry` ne ke tsaye a gurbin `KeyValuePair`, kuskuren kuma sunansa `ClassCastException`.

Abu ɗaya ya rage wanda ba kuskuren nau'i ba ne, amma daga gyaran yake haifuwa. `ToList()` kwafi ne na lokacin da aka kira shi. Idan daga baya aka ƙara darasi na 40 a `Dictionary`, akwatin ba zai sani ba. Mutum zai ce bari ya ƙara shi da hannu ta `jeri.Items.Add`, sai akwatin ya ƙi da `ArgumentException`, domin ba a taɓa `Items` matuƙar `DataSource` yana ɗaure. Idan jerin ba ya yawan sauyawa, a sake kiran `ToList()` a ɗaura sabon kwafi, a tabbata `DisplayMember` da `ValueMember` suna nan kafin ɗaurawar. Idan kuwa mai amfani zai riƙa ƙarawa yana cirewa a gaban idonsa, to a ɗaura akwatin a kan `BindingList<Darasi>`, wanda ke sanar da shi duk wani ƙari ko ragi da kansa, a bar wa `Dictionary` aikin da aka yi shi dominsa, wato nemo suna da sauri idan an ba shi lamba.